Tsibin Bayan Farin Akushi

Da sunan Mai kowa Mai komai, wanda Ya rataye duniyoyi babu igiya, Ya watsa bayinSa a cikinsu, wasu inda ruwa ke sauko musu daga sama, wasu inda ko iskar shaƙa sai an noma ta. Ni Jatau ɗan Tanimu, mutumin Farin Akushi, ni na taka wannan tafiya da ƙafata, na gan ta da idona, na shaƙe ta da hancina, kuma a cikin ukun nan hancin ne ya fi shan wuya. Wanda ke cin abinci ya ajiye lomarsa tukuna.

Ƙasarmu Ƙanƙarau ake ce mata. Wata ne da ke kewaya wata ƙatuwar jar duniya wadda ta cinye rabin sama. A waje babu iska ko ta shaƙa ɗaya, sanyin kuwa, ruwan da ka zubar dutse yake zama. Don haka kowane gari a ƙarƙashin rumfar gilashi yake, kamar an kife akushi a kan tuwo. A tsakiyar namu akwai gona, gero da wake da alayyahu, ita ke ba mu ci, ita ke ba mu numfashi, don ganyenta ne ke karɓar iskar da muka fitar ya mayar mana da sabuwa.

Mu mutanen tsabta ne, kuma ni na fi kowa. Kakanninmu sun yi rantsuwa cewa ƙazanta ba za ta kwana a cikin Akushi ba. Bayan gida, ɓawo, ƙashin kifi, karan gero, ruwan wanke-wanke, kullum sai a loda su a amalanken ƙarfe a tura ta Ƙofar Baya a juye a can waje. Ruwa bai taɓa yi mana wuya ba, don garin a kan ƙanƙara yake zaune, sai dai mu sara mu narkar. Sauran garuruwa kuwa, masu kwana da kashinsu muke ce musu, ko yaro ya san wannan baƙar maganar.

Akwai kuma wani abu da muka gada. Kakanni, a cikin jirgin da ya kawo su, sun yi ta buga wani wasa a allon haske don koyon yadda ake kafa gari. Darar Kakanni muke kiransa. A cikinsa idan ka shuka gona abinci zai yi ta fitowa har abada, shara kuwa danna ta kake yi ta ɓace ɓat. Idan taki ya ƙare, ka aika mutum ya saro farin dutse a bayan tsauni, shi ke nan. Dattawanmu ba sa yanke shawara sai sun buga ta, yadda wasu ke zuwa wurin mai duba.

Ana nan ana nan sai gona ta fara ciwo. Ganye ya yi rawaya, gefensa ya yi shuɗi-shuɗi, zangarniyar gero ta koma kamar ɗan yatsa. Gona na ramewa iska na raguwa. Matasa suna haki idan sun hau bene, tsofaffi kuwa ko a zaune haki suke. A cikinsu har da mahaifiyata, Inna Kande, matar da idan tana faɗa a gidanmu har ƙarshen layi ake shiga taitayi. Ta kai ga ba ta iya ƙarasa magana. Likita ya ja ni gefe ya ce idan iska ta ƙara yin ƙasa, masu ciwon ƙirji irinta su ne na farko.

Sarkin gari, Barau, ya kira ni gaban allo, don an san ni da yawo. Ya nuna da sandarsa.

"Ga shi nan, Jatau, gabas da Tsaunin Haƙora. Farin dutse. Kakanni ba su yi ƙarya ba. Ka cika mana kura ka dawo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wanda ya taɓa ganinsa?"

"Ba ga shi kana gani ba?"

Na je yi wa Inna sallama. Ta kama hannuna ta ce, "Auta... ka..." Sai numfashi ya ƙwace mata. Na jira, ba ta ƙarasa ba. Haka na fita, zuciyata a dagule.

Na sa rigar iska, na ɗaura tukwanen iska a baya, na hau kurar ƙarfe mai ƙafa shida. Na ratsa Filin Allura, inda ƙanƙara ke tsirowa tsaye ta fi mutum tsawo. Na kewaye wani tafki baƙi wuluk wanda ba ruwa ba ne, mai ne, yana kwance ko motsi babu. Na wuce ramukan da ke feso farin ƙura sama har ta ɓace wa gani. Da na isa gabas da Tsaunin Haƙora na sauka na yi ta sara har tafin hannuna ya kumbura a cikin safa. Baƙin dutse ne sama, baƙin dutse ne ƙasa. Farin dutse dai a allo kawai yake.

Ina cikin takaici sai na hango wata rumfar gilashi a kwari, babu fitila ko ɗaya. Na tura ƙofarta ta waje na shiga, na murɗa hannun da ke shigo da iskar garin, na buɗe ta ciki. Ban taɓa ganin gari mai tsabta kamarsa ba, titi fes, ko tsinke babu. Gonarsu ta zama farin kara. Mutanen kuwa suna nan, kowa inda ajali ya same shi, wani a jingine da bango, wata da ludayi a hannu, sun bushe ƙayau kamar kilishi, don sanyi ya hana su ruɓewa. Leɓunansu sun ja baya, haƙora a waje. A zauren sarkinsu na tarar da dattawa a zaune kewaye da wani allo irin namu sak. Na yi musu addu'a, na ce Allah sarki, mutanen kirki masu tsabta, ko wace annoba ce ta cinye su? Kaina bai kawo komai ba a lokacin.

Na juyo zan fita, ƙofar waje ta ƙi. Wuta babu a garin balle injin ya zuƙe iskar da ke tsakanin ƙofofin, kuma 'yar ragowar iskar da ke ciki ta danne ƙofar kamar ƙato ya jingina da ita. Na ja, na daka, a banza. Sai na tuna cewa abin da ke danne ta idan ya sami wata hanya zai sake ta. Na ɗauki digata na nufi bangon gilashi na kwantara masa. Ya tsage, iska ta yi waje da ƙarfi, ta kwaso duk ƙurar garin ta bi ta kaina. Ƙurar nan kuwa gashi ce da busasshiyar fatar matattu. Ta lulluɓe gilashin fuskata, ina sharewa da hannu ina ƙugi, amai yana taso mini ina haɗiyewa, don wanda ya yi amai a cikin rigar iska shi zai shaƙe abinsa. Ƙofa ta saki na fita, amma tsinin gilashi ya huda mini tukunya guda. Iskar da ta rage ba za ta kai ni gida ba. Gari ɗaya ne kusa, Ma'auna, babban birnin masu kwana da kashinsu.

Tun a ƙofa suka nuna mini halinsu. Suka sa na tuɓe, suka ɗora ni a sikeli kamar ragon layya. Mai gadin ya ce, "Baƙo, ka ji dokarmu. Da nauyin da ka shigo da shi za ka fita. In ka ƙaru, sai ka bar mana namu. In ka ragu, mu cika maka naka."

Aka buɗe ƙofar ciki, wari ya yi mini sallama. Ba wari mai tsanani ba ne, wani ɗumi ne mai tsami-tsami da ke manne wa mutum a maƙogwaro, kamar turken awaki bayan ruwan sama, yadda tsofaffi ke kwatantawa. Aka kai ni gaban wadda garin ke hannunta, Iya Lantana, wata dattijuwa mai ƙiba da dariya a kusa. Ta sa aka kawo mini ruwa. Ƙishi ya ci ni, na shanye, ruwa garai-garai mai sanyi.

Na ce, "Iya, ruwanku da daɗi. A ina kuke saro ƙanƙara?"

Ta yi dariya har tana dafa cinya. "Ƙanƙara? Ɗana, mu a kan tsandauri muke. Ruwan nan da ka sha ya ratsa ta cikina ya fi a ƙirga. Ya ratsa ta cikin mai gadin da ya auna ka. Fitsari, gumi, har tururin baki, duk tarawa muke mu dafa, ya tashi hayaƙi ya sauko."

Aman da na yi ta haɗiyewa tun daga garin matattu ya ce yau sai waje. Kafin ya kai ƙasa wata mata ta zabura da kwano ta tare shi tsaf, ta rufe, har da ce mini, "An gode, baƙo." Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na ce, "Iya, da wannan kuke alwala?"

"Malamanmu sun duba. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Kai da ka sha, ka ji wani abu?"

Aka kawo abinci, kifi da waina. Na kusa kai hannu sai na tambayi abin da kifin ke ci. Suka kai ni suka nuna mini, da alfahari kuwa: wasu manyan kwatarniyoyi cike da tsutsa, fari fat, suna mutsu-mutsu a kan abin da ba zan ambata ba. Tsutsa ta ci wannan, kifi ya ci tsutsa, mutum ya ci kifi, mutum ya je ya ba tsutsa. Na rufe baki da hannu na ce na ƙoshi.

Amma ido ba ya ƙin gaskiya don hanci ya ƙi ta. Gonarsu kore shar, wake ya hau har rufi. Yara suna tsere suna ihu, tsofaffi suna musu da ƙarfi a bakin masallaci. Ni kaina ƙirjina ya buɗe yadda na manta ana yi. Na tuna Inna, na haɗiye girman kaina na tambayi Iya Lantana inda suke samun farin dutse.

Sai ta ja ni gaban wani allo. "Kun san wannan ai. Mu ma da ita aka zo. Amma da yunwa ta kusa gamawa da iyayenmu sai suka zauna suka sake ta, suka cire mata ƙarya. Zauna ka kafa mana gari."

Na zauna da gadara, don a gida ba a cina. Na shuka gona, na gina gidaje, na nemi inda ake danna shara ta ɓace, babu. Sai na tura ta bayan gari yadda muka saba. Garina ya bunƙasa, na kalli Iya ina murmushi. Can sai ganye ya yi rawaya, gefensa ya yi shuɗi, 'yan mutanen allo suka fara faɗuwa, tsofaffi da farko. Na sake bugawa, na ninka gonar. Wannan karon ma sun fi saurin mutuwa.

Ta ce, "Geronku, daga ina yake samo jikinsa?"

"Daga ƙasa."

"Ku ci shi ya zama ku. Abin da ya fito daga gare ku fa, ina yake zuwa?"

"Bayan gari, Iya. Mu ba ma kwana da..."

"Faɗi mana, mun san sunan da kuke kiran mu. To, ɗana, gonarku tana bayan gari. Kun kwashe ta da cokali kun zubar. A duniyar kakanni ruwan sama da iska su ke dawo da abin da aka yar. Nan wa zai dawo muku da shi?"

Sai a lokacin na tuna cewa a bayan garin matattun nan na ga wani tsibi, na wuce shi ban kula ba. Namu ya fi shi girma.

Ta ce sanyi ya adana mana shi, babu abin da ya lalace. Amma ko mun narkar ba zai zama taki ba sai an haɗa shi da ƙasa mai rai, mai ƙananan halittun da ido ba ya gani, yadda madara ba ta zama nono sai an zuba mata tsami. Tamu ƙasar ta mutu. Na roƙe ta buhu ɗaya na tasu. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Ko cikin tafi ba ya fita daga Ma'auna. Da na ba ka, da na ba wanda zai zo gobe. Wannan dokar ce ta raya yaran da kake gani."

Na yi magiya, na ambaci mahaifiyata, ta ce Allah Ya ba ta lafiya. Ana gyara mini tukunya ina zaune ina saƙa da warwara, ga yunwa, don har lokacin ban iya kai kifin nan bakina ba. Na ga wandona yana zamewa, sai dabara ta faɗo mini. Daga ranar na daina cin komai sai ɗan abin da zai riƙe rai. Na shiga gonarsu ina ɗaukar kaya ina zufa kamar jaki. Na je wurin wanzami ya aske mini kai ƙwal, ya sauke gemun da na yi shekaru ina gyarawa, ina kallo ya share shi ya kai wa kwatarniya. Ranar tafiya na hau sikeli, mai gadi ya duba ya sake dubawa.

"Baƙo, ka ragu da yawa. Doka ta ce mu cika maka." Ya sa aka kawo tulun ruwa.

Na ce, "Ku riƙe ruwanku. Mu a kan ƙanƙara muke kwana, ku kuwa kowane ɗigo sai kun dafa. Dokarku nauyi ta ce, ba ta ce ruwa ba. Ku auna mini baƙar ƙasa."

Aka kira Iya Lantana. Ta dube ni, ƙashin wuya a waje, kai kamar ƙwarya. Sannan ta ce, "Ku auna masa. Ku ɗebo daga ƙasan kwatarniya, inda ta fi rai." Haka na ɗauko buhu mai ɗumi, mai danshi, abubuwa na motsi a ciki, na rungume shi a ƙirji cikin kura har gida don kada sanyi ya kashe shi. Duk girgizar da kura ta yi sai na ji shi ya lotsa a jikina.

A Farin Akushi na tarar da an fara binne tsofaffi. Inna tana kwance, leɓunanta sun yi baƙi, ido kawai take juyawa. Na je gaban Barau da dattawa na faɗi duk abin da na gani. Barau ya toshe hanci da hannun riga.

"Mun aike ka farin dutse, ka dawo mana da kashin Ma'auna? Har kana cewa mu shigo da abin da iyayenmu suka fitar? Jatau, kai da ko ƙofar makewayi ba ka taɓawa da hannu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗin ne. Kuma har yanzu ƙyamarsa nake ji, ta fi ta da. Amma na ga garin da ya fi mu tsabta. Dattawansa suna nan zaune gaban allonsu, ko ƙuda babu a kansu."

Aka yi ta cacar baki. A ƙarshe suka ba ni wani tsohon ɗakin ajiya da ke manne da gona, bisa sharaɗin in zauna can, kada in shiga gidan kowa, kada in shiga sahu.

Na fita ta Ƙofar Baya da diga. Tsibin ya kusa kai rumfar gari tsawo, launin ƙasa-ƙasa, yana ƙyalli, hawa-hawa kamar an jera waina, na bana a sama, na kakanni a ƙasa. A daskare babu wari, har na ce abin da sauƙi. Na saro na kai ɗaki na kunna masa zafi. Jama'a, abin da zuriya guda ta ci ta fitar, ya farka a ɗaki ɗaya. Warin yana da nauyi, yana shiga ido, yana zama a harshe. Na yi kuka, na zagi Barau, na zagi allo, na zagi kaina. Na zuba baƙar ƙasar Ma'auna, na sa hannu har gwiwar hannu ina juyawa, don cebur ba ya gane inda ya yi zafi da inda ya yi sanyi. Abinci ta taga ake miƙo mini, a kan sanda.

Sannu a hankali warin ya sauya, abin ya yi baƙi ya yi laushi. Na zuba a kunya ɗaya na shuka wake. Ya fito kore, irin koren da yaran garinmu ba su taɓa gani ba, har ana ɗaga su a taga su kalla. Sai ga maza biyu sun zo da ƙyalle a hanci, suka ɗauki diga. Bayansu wasu suka biyo. Barau bai taɓa takowa ba, amma amalanken ƙarfe ya daina fita. Kunya ta bi kunya, alayyahu ya rufe ƙasa. Duk wanda ya zo aiki sai in tambaye shi Inna, ya ce tana nan dai. Ban san ko tausayina suke ji ba.

Ranar da aka ɗage mini sharaɗi na yi wanka har fatata ta yi ja, na sa sababbin kaya, na nufi gida. Na sa ƙafa a zaure ke nan, ko sallama ban gama ba, sai murya ta fito daga tsakar gida kamar an fasa tulu.

"Wane ne wannan? Auta ne? Tsaya nan, kada ka kuskura ka shigo mini! Tun daga bakin layi na jiyo ka, wari kamar mushen jaki, ka je ka aske gemu ka dawo kamar ɗan tsako, ka sa duk gari ana nuna ni ana cewa ga uwar mai kwasar kashi, ni Kande da ko tabarmata ba a takawa da takalmi, wallahi da ubanka na da rai da sai ya..."

Ta yi ta yi, ba ta tsaya ta ja numfashi ba. Maƙwabta suka leƙo, na ƙarshen layi ma sun ji. Na zauna a ƙasa a bakin zaure, hawaye na zuba.

Ta leƙo, hannu a hanci. "Kukan me kake yi kuma, ƙazami?"

Na ce, "Ba komai, Inna. Ci gaba, ina ji."

Iyakar abin da na gani ke nan a tafiyata, Allah kuwa Shi ne Masanin abin da ya ɓuya.